Takalmin Ƙarfe a Buhun Shinkafa

"Ba a gidana ba! Wallahi ba a gidana ba, Abu Fawaz!"

Muryar Umma Mas'uda ce ta cika ɗan falonsu na unguwar Sa'alaba, har 'yarta Zakiya da ke kicin tana tace shayi ta kusa sakin buta. Ta leƙo. Abin da ya tada hankalin Umma yana ajiye kan tabarma, naɗe cikin tsumma: wani ƙarfe ne mai siffar tafin ƙafa, sai sheƙin sabuwar walda yake yi.

"Haba Mas'uda, kwana ɗaya tal zai yi," in ji mijinta Baba Abdulghani, wanda take kira Abu Fawaz, cikin sanyin murya. "Gobe Juma'a ba na buɗe shago. Yaron zai biyo bayan masallaci ya karɓa, halas, shi ke nan."

"Ya karɓa ya je ya kashe kansa, ya bar min 'ya da takaba tun ba ta tare ba!"

Yaron da ake magana shi ne Mish'al, saurayin Zakiya, wanda aka sa musu rana bayan aikin Hajji. Ba shi da abin kushewa, ko Umma ta san haka. Yana da aikinsa a wani sito a unguwar Khumra, ga ladabi, ga riƙon salla. Aibinsa ɗaya: tseren babur. Kuma ba irin babur ɗin da kowa ya sani ba, wani siririn abu ne da ba shi da birki ko na rantsuwa. Su huɗu suke zagaya fili mai siffar ƙwai, in an zo kwana mutum ya kwantar da babur gefe guda, ya sauke ƙafar hagu tana jan ƙasa. Don haka ne suke ɗaura takalmin ƙarfe a ƙarƙashin but, wato dogon takalmin da ke ƙafarsu ta hagu. Baba Abdulghani mai walda ne, shi yake ƙera musu, kuma a bakin shagonsa Mish'al ya fara ganin Zakiya ranar da ta kai abinci.

Ita kuwa Umma, wa zai ga laifinta? Babur ne ya raba ta da ɗanta na fari, Fawaz, yana kai saƙon abinci mota ta kwashe shi a kan titi. Tun daga ranar ko ƙarar babur ta ji sai ta dafe ƙirji.

Da la'asar Mish'al ya kira waya. Zakiya ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

"Don Allah ka fasa na gobe," ta ce. "Umma ta ce in ka hau, ta janye albarkarta."

"Zakiya, habibti, ki saurare ni. Da can kulob nawa ne a gaɓar tekun nan? Duk sun rufe, saura namu. Samari sun watse, kayan gyara sai an sha wuya. Mai filin ya ce sito zai gina. Gobe baƙi za su zo daga wani gari, shi ma ya ce zai zo ya gani da idonsa. In 'yan tserenmu ba su cika ba, katafila ce za ta shiga."

"To ta shiga mana! Fili ne fa kawai!"

Ya ce a hankali, "Haka aka ce da unguwarmu ta Karantina kafin a rushe ta. Kin manta ranar da muka tsaya muna kallon inda gidajenmu suke, ba ko bango? Wannan filin shi ne ya rage min da zan nuna na ce nan na girma. Kuma in ya tafi, yaran nan titi za su koma da tserensu, cikin motoci. Na yi miki alkawari, daga na gobe na ajiye."

Hawaye suka zubo mata. Tana kashe wayar ta ga Umma tsaye a bakin ƙofa da tsumman nan a hannu.

"Ya ƙi ko? Na sani. Namiji in ya sa kansa ba ya jin kira." Ta matso ta rage murya. "Ya binti, 'yata, na ji babanki na cewa ba mai shiga fili sai da wannan. To ba takalmi, ba tsere. Karɓi ki ɓoye."

"Umma, ina jin tsoro..."

"Tsoron me? Gara ya yi fushi yana da rai. Ko so kike ki ga abin da na gani?"

Wannan maganar ce ta karya Zakiya. Ta karɓa, ta shiga kicin ta cusa shi can cikin buhun shinkafa, ta baje saman da tafin hannu. Ita a ganinta ceton rai ta yi. Ai shi tsoro haka yake, in ya ba ka shawara sai ka rantse hikima ce.

Washegari bayan an sauko daga masallaci Mish'al ya yi sallama. Baba ya shiga ɗauko takalmi, sai aka ji shiru, sai kuma aka ji ana jan kujeru. Aka ɗaga katifa, aka zazzage akwatin kayan aiki. Umma tana zaune tana jan carbi kamar ba ta san abin da ake ba.

"Zakiya, ba ki ga tsumman da na ajiye a nan ba?"

"A'a, Baba." Ƙaryar ta fito mata da ɗaci kamar maɗaci.

Daga bakin ƙofa Mish'al ya ce, "Ma fi mushkila, ba komai Baba, kar ka wahalar da kanka. Ƙila a shago ka bar shi. Zan san yadda zan yi, lokaci na tafiya." Kafin Baba ya fito daga ɗaki har ya ja motarsa.

Baba ya dawo ya zauna, zufa na keto masa. Can ya ce, "Allah ya sa kar yaron nan ya ɗauki tsohon takalmin da ke rataye a rumfar kulob ɗinsu."

Umma ta tsayar da carbi. "Wane takalmi kuma? Ba ka ce in babu nasa ba zai hau ba?"

"Ni na ce bai kamata ba, ban ce ba zai yi ba! Kowane takalmi a kan but ɗin mai shi nake ƙera shi. Wancan na wani ƙato ne da ya bar kulob, ya yi masa yawa, sai dai ya ɗaure da waya. In ya fice a kwana, robar but ta kama ƙasa, babur ya yi gaba ƙafa ta tsaya..." Bai ƙarasa ba, ya girgiza kai.

Sai a lokacin Zakiya ta gane. Wato abin da ta binne a shinkafa ba shi ne ke kai Mish'al ga haɗari ba, shi ne ke tsare shi! Ta kwasa da gudu zuwa kicin, ta tura hannu cikin buhun har kafaɗa, shinkafa na zuba ko'ina, ta fito da shi tana kuka.

"Baba, ni ce! Ni na ɓoye!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Zakiya, ke?" Ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa da ta sunkuyar da kai, ya gane komai. Bai tsaya faɗa ba. "Yalla, maza ku ɗauko abaya! Kira shi a waya!"

Ta kira har ta gaji, ba a ɗauka ba, don in sun sa kayan tsere a jaka suke barin waya. Tsohuwar motar Baba ta kama hanyar Khumra inda filin yake tana nishi, ga manyan motocin kaya sun cika hanya, ga zafi mai ɗanko da ke tasowa daga teku. Zakiya ta rungume takalmin a ƙirji, ba abin da take iya faɗa sai "Ya Rabbi, sallim, ka tsare shi." Umma da ta rantse ba za ta taɓa taka filin nan ba, ga ta a baya, leɓɓanta na motsi, idanunta a kafe.

Tun kafin su karya kwanar sito na ƙarshe suka jiyo rurin babura. Mutane sun fi yadda aka zata, sun kewaye shingen katako. Zakiya ta dire tun mota ba ta gama tsayawa ba, ta kutsa tana ɗaga ƙarfen sama.

"Mish'al! Ku tsayar da shi! Ga takalminsa!"

Wa zai ji ta? An riga an ɗage igiyar fara tsere. Babura huɗu suka fizga kamar an harbo su, ƙasa na tashi a bayansu. Ta gane shi da jar hularsa, shi ne a gaba. Ya sha kwanar farko lafiya, jama'a na ihu. A kwana ta biyu ya kwantar da babur, ya sauke ƙafa — sai ta ga wani abu ya yi tsalle sama yana walƙiya a rana. Ƙafar ta kafe. Mish'al ya wuntsila, babur ya yi nasa wuri, shi ya bugi shinge ya kwanta bai motsa ba.

Ihun da Umma ta yi ba Mish'al ta kira ba. "Fawaz!" ta ce, ta zube a ƙasa.

Allah ya yi da sauran kwana. A asibiti likita ya ce rai na nan, kai lafiya, amma idon sawun hagu ya karye mummunar karaya. Zai taka, sai dai shi da tsere har abada. Yayarsa Nuha ta iso a fusace tana tambayar yadda aka yi ƙaninta ya shiga fili da takalmin aro. Baba ya buɗe baki zai ɗauki laifin, Zakiya ta riga shi. Ta faɗi gaskiya a gaban kowa, ba ta ambaci Umma ba.

"Ke?" Nuha ta nuna ta da yatsa. "Tun ba ki shigo gidanmu ba kin gurgunta shi, in kin shigo sai me? Halas! Mu mun fasa!"

Makonnin da suka biyo baya Zakiya ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Waya shiru. 'Yan unguwa kuwa, da ma abin faɗa suke nema, aka ce asiri ne, aka ce baƙin ciki ne. Ba ta tanka wa kowa ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ce wa Umma "ke kika sa ni" ba. Ta dai rame, ta koma salla da kuka. Wannan shirun nata shi ya fi komai cin Umma. Da ma ta yi mata rashin kunya da ya fi mata sauƙi.

Wata safiya Umma ta saka abayarta, ta naɗe takalmin cikin tsumma mai tsabta, ta ce, "Tashi ki raka ni."

Suka tarar da Mish'al a falo, ƙafa cikin filasta, Nuha na gefe ta ɗaure fuska tamau. Umma ba ta zauna kan kujera ba. Ta durƙusa, babbar mace da furfurarta, ta ajiye ƙarfen a gabansa.

"Subhanallah! Umma, don Allah ki tashi!"

"Bar ni, ɗana. Yarinyar nan umarnina ta bi, ta kuma rufa min asiri ana zaginta. Ni ce na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Na rasa ɗa ɗaya a kan babur, tsoro ya sa na kusa kashe na biyu da hannuna. In za ku fasa, ku fasa don ni, ba don ita ba."

Nuha ta kau da kai tana share ido. Mish'al ya daɗe yana kallon takalmin.

"Na yi fushi, ba zan ɓoye ba," ya ce. "Amma kwanciyar nan ta sa na yi tunani. Ba wanda ya ɗaura min takalmin aro da waya sai ni. Na san haɗarinsa, na rufe ido don kar a ce kulob ya gaza. Ku tsoron rasa ni, ni tsoron rasa fili, kowa tsoronsa ya bi." Ya juya ya dubi Zakiya. "Ranar da aka sa tana nan. Sai dai fa ango zai zo da sanda, in kin yarda."

Zakiya ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

Bayan Hajji aka ɗaura aure, ango na ɗingishi, amarya ba ta ga ɗingishin ba. Shi kuwa mai filin, ganin yawan jama'ar da suka taru ran nan ya sa ya ce ya ɗaga musu ƙafa zuwa baɗi. Bayan nan Allah kaɗai ya sani. Mish'al ya koma koya wa samari, Baba na ƙera wa kowa takalmi daidai ƙafarsa.

Darasin a fili yake ga duk mai so: in kana jin tsoro a kan wanda kake ƙauna, faɗa masa a gaban idonsa, ka yi masa addu'a, kar ka gyara masa rayuwa a ɓoye da abin da ba ka da saninsa. Mai haƙuri kuwa, ko an daɗe, shi ke dafa dutse ya sha romo.

Har yau Umma Mas'uda ba ta iya kallon tseren, da an ɗage igiya take juya baya ta kama carbi. Amma duk Juma'ar da za a yi, za ka same ta zaune kan kujerar roba a bakin ƙofar shiga fili, kuma ba matashin da ya isa ya tura babur ya wuce ta sai ta daka masa tsawa:

"Kai, dawo nan! Ɗaga min ƙafarka ta hagu in gani!"