Birnin da ke Ƙarƙashin Ruwan Bukuru

Ranar da Kawu Usumanu ya watso takardun Murjanatu tsakar gida, hannunta na cikin ruwan wanke-wanke. Marainiya ce, mahaifinta Jika ya nutse a wani tsohon ramin haƙar kuza a Bukuru, ko gawarsa ba a gani ba. Tun daga nan take rubuta labarin wani birni a ƙarƙashin ruwan, inda waɗanda suka nutse ke raye, suna kiwon shanu masu haske.

"Aljanu ne ke faɗa miki wannan," in ji Kawu. "Salisu, kwashe ka ƙona."

"Kawu, don Allah... a nan kaɗai nake ganin Baba."

Ko kallonta bai yi ba. Aka yi ta kai ta wajen masu ruƙiyya, matan unguwarsu, Dutse Uku, suka hana 'ya'yansu zama kusa da ita. Ta rame, ta yi shiru, kullum tana kuka a kan sallaya tana cewa Allah ya gani.

Ashe Salisu, ɗan Kawun, bai ƙona komai ba. Ya kai wa Esther mai buga takardu, ya ce, "Madam, ki buga duka, kar ki taɓa komai." A shekarar 2006 littafi ya fito da sunansa, aka shirya ƙaddamarwa, aka sa Murjanatu rabon lemo. Mutumin da ko takardar magani ba ya karantawa, wai shi ne marubuci!

Shugaban taro ya ce, "Oga Salisu, karanta mana shafin ƙarshe."

Ya gyara hula, ya ɗaga murya. "Na isa ƙofar birnin, na ce, Baba, buɗe, ni ce 'yarka Murjanatu..." Sai ya tsaya cak. Bai taɓa karanta littafin ba.

Tiren lemo ya suɓuce daga hannun Murjanatu. Esther ta miƙe ta ce, "Rubutun da ya kawo min ba nasa ba ne, na faɗa masa tun farko."

Aka fitar da Salisu ana masa ihu, kamfanin da ya wallafa littafin ya cire sunansa. Kawu kuwa ya zube a kujera, hawaye na bin gemunsa.

"Murjanatu... ya buɗe miki ƙofar?"

"Ya buɗe, Kawu. Har ya tambaye ni kai."