Bishiyar da Eilif Ya Sare

Ƙarfe uku da rabi na yamma gari ya riga ya fara duhu, kamar yadda ya saba a watan Nuwamba a wannan ƙasa mai sanyi ta can arewa. Eilif Tveiten ya ɗaura ƙaramar tirela a bayan motarsa, ya gangara bakin kogi wajen tsoho Oddvar mai injin tsaga itace, don ya ɗauko katakansa.

Eilif direban bas ne da ya yi ritaya. Kafinta ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. A garejin bayan gidansa ya kafa benci da injin zarto, yana ƙera kujeru da akwatuna da cokulan itace yana rabar wa mutane. Amma shekara biyu ke nan ba wanda ya samu ko cokali. Tun da mahaifinsu ya rasu, gonar gado ta faɗa hannun yayarsa Gunvor don ita ce babba, Eilif ya zama wani mutum dabam. Shi ya yi shekara goma sha ɗaya yana jinyar tsohon, yana masa wanka, yana juya shi a gado, ita kuwa tana can birni. Ranar da aka miƙa mata makullai, ya jira ta juya baya, ya je da zarto ya kwantar da tsohuwar bishiyar tsakar gidan. Bishiyar da kakan kakansu ya tarar a tsaye. Wadda mahaifiyarsu ke zuba wa giya a gindi duk Kirsimeti, ta kuma hana yara karya ko da reshe ɗaya. Gungumenta ne ya kai wa Oddvar ya tsaga masa katakai.

Ya tarar da Oddvar a ƙofar rumfa, hannuwa cikin aljihu, bai ko amsa gaisuwa ba.

"Kwashe kayanka, Eilif. Duka. Kada ka bar mini ko ɓawo."

"Sun bushe?"

"Taɓa ka ji."

Eilif ya ɗora tafin hannu a kan na sama. Jiƙe yake sharkaf, da sanyi, kamar jiya aka sare shi.

"Shekara biyu a rumfa," in ji Oddvar. "Na kusa da su duk sun bushe ƙayau. Karena ma ya daina shiga nan."

"To ka sayi kare mai zuciya. Ka tsufa, dattijo, ruwa ne ke yoyo daga rufinka."

"Rufina ya fi kanka lafiya. Me za ka yi da su?"

"Tebur. Gunvor ta ci gona, ni in ci abinci a kan bishiyar."

Oddvar bai yi dariya ba. Bai kuma sa hannu a lodin ba. Eilif shi kaɗai ya ɗora su yana tsaki, ya ɗaure da igiya tamau.

A hanya, tsakanin dogayen itatuwa, wani abu ya riƙa bugawa a tirelar. Ƙwas. Ƙwas. Ya tsaya ya duba igiya, ba inda ta saki. Da ya tashi motar, bugun ya dawo.

Matarsa Borghild tana kicin tana dafa kifi da dankali. Ta leƙo ta taga ta ga abin da ya jawo, fuskarta ta canja.

"Ka dai kawo su."

"Na kawo. Gidana ne ko ba gidana ba?"

"Ƙarfe biyar za mu ci abinci. Ba zan kira ka sau biyu ba."

Ya jera katakan a gareji, ya rufe ƙofa, ya kunna fitila. Da can ɗakin ƙamshin garin katako da man goge itace yake yi, ƙamshin da ke kwantar masa da rai. Yau wani wari ne ya cika shi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da tsamin giyar da ta kwana.

Ya ɗora katako mafi faɗi a benci, ya ɗauko fensir da abin awo. Sai wayarsa ta yi ƙara. Gunvor ce.

"Oddvar ya kira ni," ta ce. "Eilif, ka mayar da su."

"Sannu, Yaya. Ashe kina da lambata. Lokacin da Baba ke fitsari a gado ba ki da ita."

"Ba wannan na kira mu yi ba."

"Ni shi zan yi! Shekara goma sha ɗaya! Sau nawa kika zo? Ki zo da furanni, ki sha kofi, ki duba agogo. Ni ne bawan gida. Aka gama da ni aka jefar kamar tsumma!"

"Ka zage ni yadda kake so, na ji. Amma tun da ka sare bishiyar nan ban yi barcin kirki a gidan ba. Wani abu na zagaya tsakar gida yana nema. Yau ne kawai na ji shiru, kuma shirun ne ya tsorata ni. Ka san abin da Mama ke cewa. Akwai mai ita."

"Akwai mai ita, ni ne! Abu ɗaya da na ɗauka daga gidan ubana. Wanda ya isa ya zo ya karɓa!"

Ya kashe wayar, ya wurga ta cikin kwandon guntayen itace. Ya ja layi a katakon, layin ya karkace, ya zagi fensirin.

Ƙwas.

Daga cikin tarin katakan ne.

Ya tsaya. Tsohon firijin da ke kusurwa na gunji a hankali. A waje iska ba ta motsi.

Ya tura katakon kan teburin injin, ya danna makunni. Faifan zarton ya ɗauki gudu. Haƙoran suna taɓa itacen, sai injin ya yi wani irin kuka da bai taɓa ji ba, kamar an taka dabba. Abin da ya feso ba garin katako ba ne. Baƙin ruwa ne mai kauri, ya fantsama masa a riga, da ɗumi.

Ya kashe injin. Faifan ya rage gudu, ya tsaya.

A cikin shirun, wani ya yi magana a bayansa, ƙasa ƙasa.

"Wanda ya isa ya zo ya karɓa."

Muryar Eilif ce. Tasa ta kansa, har da yadda take shaƙewa in ya fusata.

"Waye nan?"

Fitila ta yi ja, ta dawo. Gudumomin da ke rataye a bango suka fara kaɗawa, ɗaya bayan ɗaya, suna taɓa juna.

Eilif ya juya.

Tsakanin tarin katakan da bango akwai wani lungu da haske ba ya kaiwa. Wani abu na tsugune a wurin. Da ya miƙe, tsawonsa bai wuce benci ba. Tsoho ne, ko abin da ya yi kama da tsoho. Fatarsa a tsattsage kamar ɓawon itace, gemunsa cike da ƙasa da saiwoyi. Inda idanu ya kamata su kasance, ramuka ne biyu masu tsiyayar baƙin ruwan nan.

Eilif ya dafa teburin injin.

"Na zo," in ji abin. Yanzu da tasa muryar ya yi magana, kamar ana jan gungume a kan tsakuwa. "Kafin a kafa harsashin gidanku ina ciki. Na tsare muku shanu. Na tsare muku wuta. Ranar da ka faɗa rijiya kana ɗan shekara huɗu, wa kake zaton ya riƙe ka?"

"Ban... ban sani ba."

"Ka sani. Uwarka ta gaya maka."

Ya matso. Ba taku yake yi ba, jan jiki yake, ƙasan siminti na tsagewa a inda ya bi.

Tsoro ya cika Eilif, amma fushin shekara biyu bai mutu ba. Shi ne ya ɓalle daga bakinsa.

"Ni ma korata aka yi! Ni ma gidana ne! Wa ya tsaya mini?"

Abin ya tsaya cak. Ramukan nan biyu suka kafe shi.

"An kore ka," ya ce a hankali, "sai ka kore ni."

Makunnin injin ya danna kansa.

Faifan ya tashi da gudu.

Hannu mai sanyi, mai kaushi, ya damƙi wuyan hannun Eilif na dama. Ya ja shi kan teburin injin.

Eilif ya turje. Ya kafa gwiwa a ƙarfen injin. Ya kai wa makunnin duka da hannun hagu, sau ɗaya, sau biyu. Injin bai ko yi tari ba.

"Ka cire mini gida. Zan cire maka abin da ka cire shi da shi."

"Borghild!"

Iskar faifan na hura masa gashin hannu.

"Borghild!"

Taƙi ɗaya ya rage tsakanin hannunsa da faifan.

Ya ji zafi kamar an zuba masa garwashi.

Sai duhu ya rufe ko'ina. Firiji ya yi shiru. Faifan ya yi gurnani, ya rage, ya rage, ya tsaya.

Riƙon bai saki nan take ba. Wani numfashi mai warin ƙasa ya sauka a kunnensa.

"Ka mayar da ni."

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, hasken tocila ya shigo. Borghild ce, da cokalin miya har yanzu a ɗaya hannun. Ta ga mijinta a durƙushe, riga jina jina, shi kaɗai a ɗakin. Daga kicin ta ji ihunsa da kukan injin, ta kuma ji muryoyi biyu alhali ta san mutum ɗaya ne ya shiga. Ba ta tsaya tunani ba, ta ruga ta sauke babban makunnin wutar gidan gaba ɗaya.

Ta cire gyalen wuyanta ta ɗaure masa hannu, tana kuka tana faɗa.

"Kai da taurin kanka! Sai da aka gaya maka! Tashi, tashi mu tafi!"

A asibiti aka ɗinke hannun. Ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi sun tafi. Likita ya ce irin haka na yawan faruwa ga masu aikin katako a gida, ya yi masa nasiha a kan kula da zarto. Bai ce komai ba game da shaidar yatsu huɗu da ta zagaye wuyan hannun, baƙa ƙirin, don bai san me zai ce ba.

Kwana uku bayan haka, da rana tsaka, Borghild ta ja motar zuwa gonar. Gunvor na tsaye a tsakar gida cikin rigar sanyin mahaifinsu. Su uku suka sauke katakan, suka jera su a kan kututturen, Eilif na ɗauka da hannu ɗaya. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Da suka gama, Gunvor ta ce akwai kofi a wuta. Eilif ya daɗe yana kallon ƙofar gidan, sannan ya goge takalmansa ya shiga.

Ya sayar da injin kafin Kirsimeti. Yanzu cokula kawai yake sassaƙawa da 'yar wuƙa, a kicin, inda matarsa ke ganinsa. Mutanen ƙauyen na cewa ciwo ya gyara Eilif Tveiten, ya yi sanyi, ko a taron unguwa ba a jin muryarsa.

Borghild kaɗai ta san dalili. Sau ɗaya, cikin watan Maris, ransa ya ɓaci a kan wata wasiƙa, ya ɗaga murya ya fara zagi. Bai kai ƙarshen maganar ba.

Daga ƙarƙashin daɓen kicin, wani ya ƙarasa masa ita.