Kujerar Da Ke Kallon Ƙofa

A falon gidan Farfesa akwai kujera guda da kowa ya san ba a zama a kanta. Tana can kusurwa, bayanta jingine da bango, tana kallon ƙofar shigowa, hannunta na dama duk ya koɗe saboda shekara ashirin da maigidan ya yi yana ɗora kofin shayi a wurin. Ko Umma, in ta share ƙarƙashinta, sai ta mayar da ita daidai inda ta same ta. To, a kan wannan kujerar saurayin Auta ya zauna ranar da ya fara zuwa gaishe da iyayenta.

Auta ce ƙaramar 'yar gidan, tana aiki a laburaren jami'ar da mahaifinta yake koyarwa. Saurayin kuwa malami ne a sashen lissafi. Ya yi shekara tara a soja kafin ya ajiye kaki ya koma karatu, har yau ɗalibai Kyaftin suke ce masa. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda sai ka matso kafin ka ji gaisuwarsa.

Umma ce ta shigo da shi, ta nuna masa doguwar kujerar baƙi, wadda ta ba ƙofa baya. Ya tsaya, ya dubi kujerar, ya waiwayi ƙofa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sai kawai ya tsallaka falon ya zauna a kusurwa. Auta na shigowa da farantin shayi ta gan shi, saura kaɗan kofunan su zube.

Kafin ta yi masa alama Farfesa ya fito daga ɗakin karatunsa, ya ja ya tsaya. Kyaftin ya miƙe da sauri ya gaishe shi.

"Zauna abinka," in ji Farfesa. "Ai ka riga ka zaɓa."

Hirar ba ta kai minti biyar ba. Baƙon na fita Farfesa ya cire tabarau ya dubi 'yarsa.

"Wanda ya hau kujerata ranar farko, ina zai hau ranar da ya zama suruki? Haka sojojin nan suke, ko'ina bariki ne a wurinsu. Maganar nan a bar ta."

"Abba, don Allah—"

"Na gama."

Auta ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Washegari tun kafin a buɗe laburare ta isa ofishin Kyaftin, ko sallama ba ta yi da kyau ba.

"Haba Kyaftin! Kujera nawa ce a falon nan? Sai ta Abba?"

"Sori, Auta. Ban san tasa ba ce."

"Sori? Ka san abin da ka ja mana kuwa?"

Ya murza biron da ke hannunsa. Can ya ce, "Dubi teburina." Ta duba. Teburin na fuskantar ƙofa, kujerarsa manne da bango. Sau nawa ta shigo ofishin nan ba ta taɓa lura ba.

Sai ya ba ta labarin da bai taɓa ba kowa ba in ban da likitansa. Wata rana a bakin daga suna cin abinci a wani ajin makaranta da suka yi sansani, duk sun ba ƙofa baya, aka faɗo musu. Su shida ne a kan bencin, uku suka tashi. Tun daga ranar, in ƙofa na bayansa sai numfashinsa ya sarƙe.

"Ina samun sauƙi," ya ce. "Amma don Allah kar ki gaya musu. In Farfesa ya ji, taɓin hankali zai kira shi. Gara a ce min marar kunya."

Tausayinsa ya cika ta, ta yi masa alkawari. Ba ta san nauyin abin da ta ɗauka ba sai da ta koma gida.

Wata huɗu aka yi a haka. Farfesa bai sake ɗaga maganar ba, ita ma ba ta fasa kai masa shayi ba, sai dai ta rame har zobenta na zamewa. Umma ta gaji da kallonta ta zaunar da ita a kicin.

"Ke wai me kika gani a jikin yaron nan? Faɗa min, ni uwarki ce."

"Umma, akwai dalilin abin da ya yi. Amma ba nawa ba ne da zan faɗa."

"Dalilin zama a kujerar uban mutum? To Allah Ya kyauta."

Shi kuma Kyaftin ta gaya masa gaskiya a fili: "Ba zan aure ka ba sai da yardar Abba, kuma ba zan karya alkawarinka ba. Amma ka sani, sirrin nan ni yake ci."

Ana haka lokacin jarrabawa ya zo. Jami'ar na da yarjejeniya da barikin da ke kusa, sojoji kan zo su yi kwas tare da sauran ɗalibai. Aka sa Farfesa shugaban masu sa ido a babban zaure, aka haɗa shi da ƙananan malamai uku, har da Kyaftin. Da ya ga sunan sai da ya yi tsaki.

Ana buɗe zaure sojojin suka nufi layin da ke jikin bango. Farfesa ya ce a ransa, satar amsa aka shirya. Ya tashe su, ya zaunar da kowa bisa lambarsa, aka jera su sun ba ƙofa baya.

An yi kamar awa guda ana rubutu, iska ta bugo ƙofar ƙarfen da ƙarfi. Wani saje, babban mutum mai furfura a gemu, ya faɗa ƙarƙashin tebur ya dafe kai. Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Farfesa ya nufo shi a fusace.

"Fito da abin da ka ɓoye a nan."

Kyaftin ya riga shi isa. Ya zauna a ƙasa kusa da sajen, cikin wandonsa mai guga.

"Saje, ƙofa ce. Iska ce ta buga ta. Dube ni. Ga ni nan, ni zan kalli ƙofar, kai ka yi rubutunka."

Ya daɗe yana maimaita masa har mutumin ya fito. Kyaftin ya juya masa teburin ya fuskanci ƙofa, ya ɗauko biron da ya faɗi ya miƙa masa. A nan Farfesa ya ga hannun mai miƙa biron shi ma rawa yake yi.

Da aka tashi, Farfesa ya wuce ɗakin hutun malamai ya samu tsohon abokinsa, Farfesa Manjo na sashen tarihi, wanda ya bar soja shekara talatin da suka wuce. Ya kwashe abin da ya faru ya gaya masa. Manjo ya ajiye jarida ya dube shi ta saman tabarau.

"Shekara nawa muna zaman majalisar jami'a tare da kai?"

"Sha takwas."

"Ka taɓa ganin na ba ƙofa baya?"

Farfesa ya yi tunani. "Na ɗauka fanka kake bi."

"Fankar da ta lalace tun shekara bakwai?" Manjo ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "Kakin kawai muke cirewa, abokina. Akwai abin da ba ya cirewa."

Farfesa ya zauna kusa da shi. A hankali ya ce, "Yaron nan ya zauna a kujerata."

"Kujera nawa ce ke kallon ƙofa a falonka?"

Farfesa ya san guda ɗaya ce.

Yana isa gida ya kira Auta.

"Kin san dalilin?"

Ta sunkuyar da kai. "Na sani, Abba."

"Wata huɗu kina ramewa a gabana, kika kasa faɗa?"

"Amana ce, Abba. Kuma na san ranar da ka gani da idonka ba za ka zalunce shi ba."

Kunya ta kama shi, alfahari da 'yarsa kuma ya cika masa ƙirji. "Ki ce masa ya zo ranar Asabar."

Ranar da safe Umma ta fito ta tarar da Farfesa yana jan kujerar ɗakin karatunsa yana haki.

"Yau kuma me na gani? Za ka ɓata min tsarin falo."

"A ɓata shi," ya ce, ya ajiye ta daf da tasa, ita ma bayanta a bango.

Da Kyaftin ya zo, tun daga tsaye ya fara magana. "Abba, laifina ne. Tsoro ya hana ni faɗin gaskiya, na bar Auta da nauyin ita kaɗai." Ya faɗi komai, har da zuwansa wurin likita.

"Ka ci gaba da zuwa," in ji Farfesa. "Shekara talatin ina gaya wa ɗalibai kada su yanke hukunci sai sun yi tambaya, ni kuma ko tambaya ɗaya ban yi maka ba. Na ba ka Auta."

Abin lura a nan, 'yan uwa, sau da yawa abin da muke kira rashin kunya ciwo ne da mai shi ya ɓoye, tambaya ɗaya cikin tausayi da ta isa ta warware shi. Auta ba ta saɓa wa ubanta ba, ba ta kuma tona asirin masoyinta ba, shi ya sa ta samu duka biyun.

Farfesa ya daki hannun sabuwar kujerar. "Zauna, ɗana. Daga yau tare za mu riƙa kallon ƙofar nan."

Kyaftin ya zauna. Ba a jima ba ƙofar ta buɗe, Auta ta shigo da shayi, kofi biyu a kan farantin, tana dariya hawaye na zuba.