Mai Gadin Hadari

Muryarsa Lorene Voth ta fara sani kafin fuskarsa. A damunar da 'yan sa-kai na ƙaramin garinsu a Kansas suka haɗa ƙungiyar gadin hadari, ita aka ɗora a kan babbar oba-oba a ofishin 'yan kwana-kwana. Maza su fita da motocinsu su tsaya kan tuddai suna kallon sama, ita kuma ta karɓi rahotonsu ta miƙa wa hukumar yanayi. In guguwa ta sauko, ita ce mai cewa a buga jiniya.

Wata ranar Lahadi bayan coci wani dogon saurayi ya tare ta, hularsa a hannu, idanunsa jajur.

"Ranki ya daɗe, ni ne na tudun yamma. Verlin Hrabe, mai gyaran famfo."

"Kai ne mai yi min hamma a kunne?"

"Ni ne. Na zo neman gafara."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Daga ranar ya koma kiranta Uwar ɗakina, ita kuma tana ce masa Ɗan tudu.

Damunar ta zo da wahala. Da safe kowa na wurin sana'arsa, da la'asar hadari ya haɗu, a fita, ba ko sisi. Sau da yawa a buga jiniya, mutane su ruga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su fito ba abin da ya faru. Gari ya fara yi musu ba'a. Abin da ke riƙe Lorene shi ne muryar nan idan an tashi.

"Tudun yamma zai sauka. Uwar ɗakina, kin ci abinci kuwa?"

"Kowa na jinka fa, Ɗan tudu."

"Su ji mana."

Mahaifinta Otto, manomin alkama, bai so zancen ba.

"Mutumin da aikinsa kallon girgije? Ga Gene Stucky mai sayar da tarakta yana ta zarya a gidan nan, kin ƙi ko ɗaga ido."

"Baba, ba tarakta zan aura ba."

Ana gab da girbi abin ya faru. Hadari ya taso daga yamma, Lorene ta yi ta kiran Verlin, shiru. Ƙanƙara ta sauko manya-manya ba wanda ya yi gargaɗi, ta tarar da Otto a fili yana koro shanu. Dokinsa ya firgita ya kayar da shi, hannunsa ya karye.

Gene ne ya kai mata gulma a asibiti, wai an ga motar Verlin a garin maƙwabta, wurin wata bazawara. Da Verlin ya iso, a bakin ƙofa ta tsayar da shi.

"Ina ka je?"

"Ina kan tudu. Barci ya sace ni, Lorene. Guguwa ta yaye rufin gidan wata baiwar Allah mai yara, mun yi kwanaki muna gyara mata. Na zauna a mota, ban san sanda idona ya rufe ba."

Ta san gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta rage mata zafi ba.

"Da guguwa ce fa? Da yanzu gawawwaki muke ƙirgawa."

Washegari sai ga Verlin a gonarsu a kan injin girbi, yana kwashe abin da ƙanƙara ta bari. Otto bai yi masa sannu ba, shi ma bai nema ba. Kullum haka, ya yi girbi har la'asar, in hadari ya haɗu ya wuce tudu. A oba-oba kuwa rahoto kawai suke yi wa juna. Lorene tana jin gajiya a muryarsa, ta kashe na'ura ta kifa kai a tebur ta yi kukanta.

Wata la'asar Verlin ya buɗe a-kori-kurarsa ya tarar da Otto zaune a ciki, hannu a rataye.

"Ja mu je. Ba son ka nake ba. Zuwa zan yi kada ka sake barci ka kashe mana mutane."

Sama ta yi kore-kore a ranar. Lorene na zaune sai ta ji muryar Verlin, a natse.

"Tudun yamma. Girgije na juyawa. Ta sauko ƙasa, ta nufo gari. A buga jiniya."

Ta ba da umarni, aka buga. Guguwar ta ɗebe rumbunan bakin gari da gidajen layin ƙarshe, amma kowa ya riga ya shige ƙasa. Ba a rasa rai ba. Ita dai kira take yi.

"Tudun yamma, amsa. Verlin! Don Allah ka amsa min."

Na'urar ta yi ƙara, sai muryar mahaifinta.

"Ina ake dannawa? Lorene, kina ji na? Lafiyarmu ƙalau. Yaron nan bai motsa ba sai da ya gama faɗa muku, ni kuwa ina ta yi masa ihu mu gudu." Ya yi tari. "In har yanzu kina son sa, na ba shi."

Daga sauran tuddai aka fara shewa a oba-oba. Lorene ta share ido ta danna.

"Ɗan tudu, ka ji Baba?"

"Na ji, Uwar ɗakina. Ke nake jira."

"To sauko gida. Na gaji da fushi."

Da kaka aka ɗaura auren a cocin garin, rabin masu halarta da sauran fentin gyaran gida a farcensu. Otto ya kama hannun 'yarsa ya sa a na Verlin, ya daɗe bai saki ba.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare ku daga sama da ƙasa," ya ce. "Ku je ku huta, 'ya'yana."

Coci ya amsa da amin.