Ruwan Alwala a Bangkok

Daouda ɗan Damagaram ne, yana karatu a birnin Lyon na Faransa, kuma Allah Ya haɗa masa ƙafar yawo da maƙo. Da aka yi hutu sai ya goya jaka ya nufi Bangkok shi kaɗai. Masaukinsa ɗaki ne mai gadaje hawa-hawa. Tasi kuwa ya haramta wa kansa, daga tsohuwar bas sai kwalekwalen inji mai bin magudanan birni, sauran tafiya a ƙafa.

Ran nan da yamma ya sauka daga kwalekwale a tashar da ba ita ba, ya ce bari ya yanke ta lungu. Wannan lungu ya miƙa shi ga wancan har rana ta yi ja. Ga magariba ta kawo jiki, gorarsa babu ko ɗigo, shi kuma duk shiriritarsa ba ya wasa da salla.

A gindin wata ƙatuwar bishiya ya ga ɗan gida bisa ginshiƙi, kamar ɗakin tantabara amma an ƙawata shi. A gabansa ga furanni, ga turaren tsinke, ga kofuna cike da ruwa. Daɗi ya kama Daouda, don a garinsu haka ake ajiye randa a ƙofar gida saboda masu wucewa. Ya sa wa mutanen unguwar albarka, ya juye kofunan a gorarsa, ya kurɓa, ya tsuguna alwala. Bawan Allah bai san cewa a can irin wannan gida na iskokin wurin ne ba, ruwan ma nasu ne.

Yana wanke ƙafar hagu birnin ya yi tsit. Ƙarar babura ta ɗauke. Ƙamshin soyayyiyar tafarnuwa ya ɓace, sai warin laka irin ta ƙasan tsohuwar rijiya.

Hayaƙin turaren ya daina hawa sama, ya kwanto wajensa.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce Zouera, daga shagonta na atamfa a unguwar Château Rouge, can Faransa. Suna cikin gaisawa sai ta rage murya.

"Daouda, wa ke kusa da kai?"

"Ba kowa, Yaya."

"Attends, dakata. Akwai mai numfashi. Kamar tsoho da ƙishi ya kama."

Layin ya yanke. Yanzu shi ma yana ji. Haki ne busasshe, daidai ƙeyarsa.

Wani abu mai kaushi kamar harshen saniya ya bi hannunsa na dama, daga yatsu har gwiwa. Fatar ta bushe ƙarau, ta tsattsage. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Ruwana," in ji wata murya, a hankali, da Hausar garinsu.

Ya so ya ja Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi motsi. Babu miyau.

Sai ya tuna ba alwala kaɗai ya yi da ruwan ba. Ya sha.

Yatsu masu sanyi suka fara buɗe leɓunansa.

Hannunsa na hagu ya lalubo gorar. Da ɗan saura. Ya cilla ta gindin ginshiƙin, ruwan ya malale a ƙasa. Yatsun suka sake shi, ya ji ana lasar siminti, ƙarat, ƙarat.

Ya kwasa a guje, ba jaka, ba takalmi. A bakin titi ya faɗa kan babur ɗin wani ɗan kabu-kabu. Mutumin ya dubi hannun, ya dubi lungun, bai tambayi inda za su ba ya ja babur.

Da Daouda ya dawo Faransa, Zouera ta kai shi wajen wani malami a unguwar Saint-Denis, aka yi masa tofi, tsagar ta warke. Likita a Lyon ya duba ya ce lafiya lau. Yawon buɗe ido dai ya fita daga ransa, kuma yanzu taimama yake yi da ɗan dutse, domin hannun nan ba ya jiƙa. Ko ya tsoma shi a bokiti a bushe yake fitowa, ruwan bokitin kuma ya ragu.