Ƙafar da Ta Taka Kiki

Ana kiran magariba Abdulmuttalib ya ɗaure notin ƙarshe a jikin giyabos ɗin. Babur ɗin na marigayi mahaifinsa ne, wani baƙin tsoho ɗan Ingila, shekara ashirin da biyu yana jingine a ɗakin shirgi na gidansu da ke Shahuci. Wata guda ya yi yana fama da shi a zaure. Ya wanke haƙoran giya da kananzir, ya sa sabon sifirin, ya shafe bakin murfi da gam. Matarsa Zubaida ta leƙo ta ce, "Malam, almuru fa ta yi, ka bari sai da safe mana." Ina! Mutumin da ya tsufa yana gyaran injin markaɗe a Ƙofar Wambai, wa ya isa ya ce masa bari? Ko bisimilla bai yi ba ya liƙe murfin.

Ya ɗora ƙafa ya taka kiki. Kikin ya sauka rabi ya cije, kamar an riƙe shi daga ciki. A daidai lokacin 'yarsa Yusra, mai shekara goma sha uku, ta ƙwalla ƙara a tsakar gida. Ƙafarta ta dama ce ta riƙe.

Allah sarki, bai haɗa abin ba. Washegari ya sassauta kuloci, ya canja mai, ya sa giya a furi ya tura gaba ya ja baya. Zuciyarsa ta ce ko sifirin ne ya zauna a karkace, amma girman kai ya hana shi buɗe abin da ya rufe da hannunsa. Kullum da yamma sai ya taka, kullum sai Yusra ta yi ihu. An kai ta asibiti, an ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau. Ƙafar kuwa sai sanyi take yi tana motsewa. In rana ta faɗi, tsofaffin notuna su dinga sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya, shiru, ɗaya. Zubaida ta tsinci guda da ɗuminsa, yana nason baƙin mai.

Ran kwana na biyar Zubaida tana tsaye a ƙofar zaure, tana ganin uban tana ganin 'yar. Ƙafarsa na sauka, ta yarinyar na lanƙwashewa.

"Kai ne! Wallahi kai kake taka ta!"

Tsoro irin na ranar bai taɓa shigarsa ba.

Bayan sallar magariba aka zo da Malam Gambo daga Ƙofar Kabuga, wani siririn dattijo mai ruƙiyya da ba ya ɗaga murya. Ya zauna a gefen tabarma ya fara karatu. Gidan ya yi tsit. Can sai idon Yusra ya juye, wata tsohuwar murya ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Uwar wanda aka rufe. Shekara ashirin da biyu muna cikin ƙarfen nan, ba mu taɓa kowa ba. Da ya wargaza mana ɗaki mun yi haƙuri. Da ya mayar, ɗana ya koma ciki. Sai ya liƙe ƙofa, bai ambaci Allah ba balle yaro ya ji ya kauce. Kullum ya taka, haƙoran ƙarfe na cin ƙafar ɗana."

Malam ya ce, "Za a buɗe yanzu. Ke kuma ki fita, yarinya ba ta yi miki komai ba."

"Buɗewa ba ta isa ba. Ƙafar ta maƙale, sai an juya haƙoran sau ɗaya. Takun nan kuwa sai ya ci ƙafa, kuma ba ta ɗana ba."

"Ki ji tsoron Allah. In na ci gaba da karatu toka za ki zama."

"Ƙona ni, in tafi da ƙafar yarinya."

Abdulmuttalib ya dubi ƙafar 'yarsa, ta koma kamar sandar rake. Ya ce, "Tawa ce ta taka."

Malam ya ɗaga masa hannu, amma muryar ta riga ta ce, "Na karɓa."

Abdulmuttalib ya je zaure ya kwance notunan, ya ɓamɓare murfin. Ba komai a ciki sai mai da haƙora, sai wani nishi siriri da ya sa gashin jikinsa ya tashi. Ya cire takalmi. Ya yi bisimilla, ya taka da duk nauyinsa.

Kikin ya sauka har ƙasa sumul, sannan ya dawo da ƙarfi ya daki ƙwaurinsa. Ƙarar ƙashin har tsakar gida aka ji ta. A ɗaki Yusra ta yi atishawa sau uku, muryar ta ce, "Mun tafi."

Yana kwance a ƙasa, ƙwaurinsa ya juya inda ƙwauri ba ya juyawa, gumi na zuba, sai ya ga yarinyar tsaye a bakin zaure ta dafa bango.

"Baba, me ya sami ƙafarka?"

Ya cije leɓe ya ce, "Rabu da tawa. Saki bangon nan, ki tako in gani."