Ruwan Kwana na Takwas

Da yamma, bayan an tashi daga aikin tashar jiragen ruwa, Eliécer ya je duba wani gida da ake sayarwa a bayan kasuwar kifi ta garin Ciénaga. Shekara shida yana yi wa mahaifiyarsa alkawarin gida. Ta rasu a ɗakin haya wata uku da suka wuce, yana can wurin aiki yana tara kuɗin. Bai je jana'iza ba, bai je addu'ar kwana tara ba. Yanzu so yake ya saya, ko ya samu bakin cewa ba a banza ya bar ta ba.

Ramiro, mai gidan, ya buɗe masa ƙofa yana dariya.

"Duba son ranka, mutumina. Amma kar ka yi ta ƙwanƙwasa min bango kamar mai zaɓen kankana."

"Gara ta cinye maka rufi, kana min zancen kankana."

"Garar 'yar gida ce, kyauta zan bar maka ita."

Ramiro ya fita sayen sigari. Eliécer ya bi ɗakunan shi kaɗai, yana taɓa katako, yana leƙa tsagar siminti. A ɗakin ƙurya ya ga kofin gilashi a ƙasa, da ruwa rabi. Ma'aikatan lafiya sun sha faɗa, ruwa a ajiye gidan sauro ne. Ya ɗauka ya watsar ta taga.

Sai a lokacin ya ga ɗigon kyandir a daɓe, da busassun furanni a jikin bango.

Ruwan mamaci ne, wanda ake ajiye wa wanda ya rasu har kwana tara, ya sha kafin ya wuce. Ramiro bai ce an yi rasuwa a gidan ba.

A bayansa kujera mai lilo ta yi ƙara. Ta sake yi.

Ƙamshin man zafi ya cika ɗakin.

"Yau kwana takwas kenan, ɗana," in ji wata tsohuwar murya, a hankali. "Saura ɗaya."

Akwai famfo a kusurwa. Ya murɗa don ya sake cika kofin. Iska kawai ta fito.

"Bari, ba don kaina nake magana ba. Akwai wata nan kusa da ni. Ita an ajiye mata nata, ta ƙi sha. Ta ce sai ka zo."

Aka yi tari. Gajere, sau biyu.

Ya san tarin. Na mahaifiyarsa ne.

Ba tsoro ne ya hana shi juyawa ba.

"Eli," aka ce, daf da kunnensa. "Ka rame."

Ta taga ya fita. Ƙusa ta yage masa tafin hannu, bai ji ba sai a bakin kasuwa.

Bai sayi gidan ba. Washegari Ramiro ya cire allon sayarwa, kuma tun daga ranar, in sun haɗu a hanya kowa ƙasa yake kallo.

Ranar Lahadi Eliécer ya tafi makabarta da kwalbar ruwa. Ya zaga har rana ta take, bai san inda aka sa mahaifiyarsa ba. Dole ya faɗa wa mai gadi sunanta.

Tsohon ya nuna masa layin da haɓa.

"Kai wane ne nata?"

Eliécer ya dubi kwalbar da ke hannunsa.

"Maƙwabci," ya ce.